Kiɗan Saɗaf da Takardar Barin Aiki

A kamfanin katifa da ke bayan tashar motoci akwai wani mai kula da sito da kowa ke kira Saɗaf. Ba don tafiyarsa ba ta da sauti aka sa masa sunan ba. Mutum ne mai jiki, mai tumbi, wanda in ya taso daga sito sai an ji numfashinsa a bakin ƙofa kafin a ga fuskarsa. Bakinsa ne ya jawo masa.

Wani mai gyaran waya ne ya saka masa gem ɗin wani ɗan leƙen asiri da ke shiga gidajen abokan gaba ba tare da an gan shi ba. Saɗaf ya yi wata guda yana bugawa, bai taɓa wuce ƙofa ta biyu ba, kullum masu gadi su cafke shi. Sai ya ce yatsunsa ne suka fi ƙarfin gilashin wayar. Ya watsar da gem ɗin, ya sa aka tura masa kiɗan kawai.

Kiɗan kuwa, a faɗi gaskiya, yana da daɗi. Yakan fara da wata ganga can ƙasa-ƙasa, dim, dim, kamar bugun zuciyar wanda ya laɓe a bayan ƙyaure. Sai wani sauti siriri ya shigo, ana jan sa a hankali har tsikar jiki ta tashi. Sai shiru. Kana cikin shirun nan sai komai ya ɓarke gaba ɗaya, ganguna da ƙahoni, kamar an kunna fitila a fuskar ɓarawo. In Saɗaf ya sa iyafis a kunne yana ƙirga katifu, sai ya ji shi ba mai ƙirga katifu ba ne. Yakan bi ta jikin bango in zai je bayi. Yakan leƙa hagu da dama kafin ya fita daga sito.

"Kiɗan nan magana yake yi," ya ce wa Direban kamfanin, wata safiya suna shan shayi a gindin babbar mota. "In ya yi ƙasa, ba wanda ya gan ka. In ya fara rawa-rawa, an soma zargi. In ya ɓarke, to, an gan ka, ta kanka kawai. Ni yanzu ya shiga jinina. Zan iya ratsa kamfanin nan daga ƙofa zuwa ƙofa, ko ƙuda ba zai sani ba."

"Kai ɗin?" in ji Direba. "Jiya da ka wuce sai da motar nan ta girgiza."

"Ai don na so ka gan ni ne."

"To, Allah ya nuna mana ranar da ba ka so."

Ranar ba ta yi nisa ba.

Manajan kamfanin yayan matar Saɗaf ne, kuma shi ya ɗauke shi aikin bayan ya shekara biyu yana zaman gida. A gida Saɗaf kan ce masa Yaya, a wurin aiki ya ce Yallaɓai, a bayan idonsa kuwa ya faɗi abin da ya ga dama. Sai wani tsohon abokinsa ya ce masa ana buɗe sabon kamfanin tsaro, ana neman ƙwararre, ya yi masa magana, kamar an gama. Saɗaf bai tsaya tambayar wane irin ƙwararre ba. Ya sa iyafis, ya zauna a kan wata katifa, ya rubuta takardar barin aiki shafi uku. Inda kiɗa ya yi ƙasa ya yi gaisuwa. Inda ya ɓarke ya zazzage duk abin da ya tara a ciki shekara huɗu. Da sassafe ya sa a ambulan, ya jefa cikin tiren wasiƙun da ke kan teburin Sakatariya, ya fito yana taku ɗai-ɗai.

Ƙarfe goma abokin ya bugo.

"Albishirinka! Sun amince. Ka iya yi wa karnuka wanka, ko?"

"Karnukan wa?"

"Na kamfanin mana. Guda shida ne. Wanda ke yi musu wankan a da ya kwanta asibiti, amma an ce zai warke."

Saɗaf ya kashe waya ya zauna a ƙasa. Ya tuna shafi na biyu. Ya tuna shafi na uku. Ya tuna matarsa.

Manaja ya fita ɗauko wata babbar mai saye, sai sha biyu zai dawo, kuma da ya dawo wasiƙu yake fara dubawa. Saɗaf ya samu Direba yana goge madubin mota, ya ja shi gefe ya faɗa masa komai.

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji Direba. "Je ka ce wa Sakatariya ta miƙo maka abarka."

"In roƙi Sakatariya? Ni? Kafin azahar har mai shara ya ji."

"To me za ka yi?"

"Ƙarfe sha ɗaya take fita shan shayi, ta kulle ƙofa, minti goma sha biyar. Tagarta ta baya a buɗe take. In shiga, in ɗauka, in fito. Kai dai ka tsaya nan ka ga aiki. Au, na manta, ba za ka gani ba."

Saɗaf na juya baya, Direba ya zagaya ya tara leburori takwas, ya ce kowa ya ajiye abin da ke hannunsa.

Sha ɗaya daidai Saɗaf ya fito daga sito. Ya sa baƙar rigar ruwa da ake ajiyewa don damina, alhali rana na dukan tsakar ka. Ya cire takalma, ya rage safa, babban yatsan ƙafarsa na dama ya leƙo ta wata huda. Ya cusa iyafis, ya ƙure sauti. Dim, dim. Ya durƙusa, ya fara ratsa filin lodi a tsugune.

Filin nan fili ne fetal, ba abin da ke tsakiyarsa sai wata durom ɗin shara. Can ya nufa. Ya laɓe a bayanta, durom ta rufe kashi ɗaya cikin uku na jikinsa. Leburori suna zaune a jere a kan bayan mota, wani har ya kawo gyaɗa.

Baba Maigadi, tsoho ne mai son mutane, ba wanda ya faɗa masa abin da ake ciki. Da ya hango mai sito a tsugune yana zufa sai ya taso da sandarsa.

"Ɗana, lafiya? Cikin ne?"

Saɗaf bai ji ba. Kiɗa na ƙasa, saboda haka ba wanda ya gan shi. Ya rarrafa gaba. Baba ya bi shi a baya, taku da taku.

"Ɗana, bayi ai ta can yake!"

A kusa da ginin ofis Saɗaf ya hangi mai shara tsaye yana kallon sama. A gem, in mai gadi ya tare hanya, dutse ake jefawa gefe ya tafi dubawa. Saɗaf ya laluba ya samu rabin bulo, ya rufe ido ɗaya, ya wurga. Rabin bulo ya tashi ya tsallake mai shara, ya sauka a kan madubin da Direba ya gama gogewa. Tas!

Dariyar Direba ta tsaya cak. Ya yunƙura zai sauko, leburori suka rirriƙe shi.

"Haƙuri, Direba, kada ka ɓata mana. Ai ba ka gan shi ba."

Mai shara kuwa ko gezau. Ya dubi Saɗaf, ya dubi tsintsiyarsa, ya matsa gefe ya ba shi hanya. Saɗaf ya yi murmushi. Dabara ta ci.

Tagar Sakatariya ba ta da tsawo daga ƙasa, amma an yi ta ne don iska. Kai ya shiga. Kafaɗu suka shiga da ƙyar. Da aka zo kan tumbi sai magana ta tsaya. Ya tura, bai shiga ba. Ya ja baya, bai fito ba. Rabinsa na ofis yana kallon kalanda, rabinsa na waje yana harbin iska. Wando ya ce ɓarrr daga ƙugu har gwiwa.

Baba Maigadi ya tsaya yana nazari. A ganinsa, mutum ba zai shiga wannan wahala ba sai da dalili, wataƙila makulli ya ɓata an aiko shi. Ya jingine sanda, ya yafito mai shara.

"Kama wannan ƙafar. Da na ce uku."

Suka tura. Saɗaf ya faɗa ciki tim, ya tafi da labule da tukunyar fure. Ya tashi zaune yana haki, ya ce a ransa, numfashi ne sirrin, in ka san lokacin da za ka haɗiye ciki ba tagar da za ta gagare ka.

Ya duba tire, ambulan ɗinsa ba ya nan. Ya zazzage wasiƙu, ya ɗaga fayil-fayil, ya jawo aljihun tebur na sama, na tsakiya, na ƙasa. A na ƙasa ya gan shi, a ƙarƙashin jakar Sakatariya, an buɗe bakin an sake liƙewa. Bai tsaya dubawa ba, ya cusa cikin rigar ruwa.

A nan ya kamata ya tafi. Sauran minti shida, ba kowa a ƙofa, ba kowa a hanya. Sai dai a daidai lokacin kiɗa ya iso inda yake ɓarkewa. Ganguna, ƙahoni, komai da komai. Jikin Saɗaf bai yi shawara da kansa ba. An gan ni! Ya yi tsalle, ya ture kujera, ya taka kwandon shara ya tafi da shi a ƙafa, ya banke ƙofar ciki, sai ga shi a ɗakin baje kaya.

Ɗaki ne babba mai ƙofar gilashi da ke kallon titi. A tsakiya akwai gadon nuni, an ɗora masa katifu biyu masu kauri, ɗaya kan ɗaya. Ta gilashi Saɗaf ya hango motar Manaja tana shigowa, ya dawo da wuri. Ya yarfar da kwando, ya ɗaga katifar sama, ya kutsa tsakani, ya sake ta a kansa. Duhu. Kiɗa ya sauko, ya koma dim, dim. Saɗaf ya sauke ajiyar zuciya. An rasa shi.

Manaja ya shigo da baƙuwarsa, wata Hajiya mai otal da ke neman katifu na ɗakuna ashirin. Ya ɗaga murya ya kira leburori su zo ko za a buƙaci ɗaga kaya. Suka shigo su takwas, har da Direba, suka jeru a jikin bango. Daga inda suke tsaye suna ganin ƙafafu biyu sun leƙo ta ƙarshen gado, babban yatsa a waje. Ba wanda ya yi tari.

"Wannan ita ce ta ɗaya a wurinmu, Hajiya," in ji Manaja. "Shekara goma ba ta lotsawa."

Hajiya ta karkata kai. "Wannan tudun na tsakiya fa?"

Manaja ya duba. Shi ma yanzu ya gani. Amma shekararsa ashirin yana sayar da kaya, bai taɓa bari mai saye ya ga ya rikice ba.

"Sabon samfuri ne, Hajiya. Na masu ciwon baya. Da an hau yake bajewa. Bari ki gani."

Ya hau ya zauna a kan tudun. Manaja ba ƙaramin mutum ba ne. A ƙasa idanun Saɗaf suka firfito, amma kiɗa na cewa a yi shiru, sai ya ciji rigar ruwa.

"Bai baje ba," in ji Hajiya.

"Sabuwa ce, sai an ɗan motsa ta." Manaja ya tashi ya sake zama da ƙarfi. Ya sake. Tudu ya ɗan matsa hagu.

"Motsi yake yi."

"Yana bin jikin mutum ne, Hajiya. Direba, zo ka taya ni."

"Da gudu, Yallaɓai," in ji Direba. Ya ja da baya taku uku, ya tuna madubinsa, ya taho ya faɗa da dukkan nauyinsa.

Wayar iyafis ta fizge daga jikin waya. Kiɗa kuwa ya sake zagayowa wurin ɓarkewa, sai ga ganguna da ƙahoni suna tashi daga cikin katifa, ɗaki ya ɗauka.

Hajiya ta dafe ƙirji. "Har kiɗa take yi?"

Manaja ya buɗe baki. Ko shi wannan ta fi ƙarfinsa. Kafin ya samo abin faɗa, katifa ta kurma ihu.

"Wayyo Allah haƙarƙarina! Yaya, ka tashi, zan mutu!"

Manaja ya yi tsalle har hularsa ta faɗi. Leburori suka ɗaga katifa. Ga Saɗaf kwance shame-shame cikin rigar ruwa, wando a yage, guntun labule a wuya, ƙasar fure a ka, waya na ta kiɗa a kan cikinsa. Mutanen titi suka fara taruwa a jikin gilashi. Sakatariya ta shigo da kofin shayi a hannu, Baba Maigadi na biye da ita yana ba ta labarin yadda ya taimaka.

"Me kake yi a nan?" in ji Manaja, murya ƙasa-ƙasa.

"Gwaji, Yallaɓai. Ina duba ingancin kaya daga ciki."

Ya yunƙura zai tashi, ambulan ya zame ya faɗi a gaban Hajiya. Ta sunkuya ta ɗauka.

"Takardar garanti ce? Na bar tabarau a mota. Malam Direba, karanta min."

"Hajiya, ba ta garanti ba ce!" in ji Saɗaf.

"Sai mun karanta za mu sani," in ji Direba. Ya warware, ya gyara murya kamar mai labarai. "Zuwa ga Manaja. Bayan gaisuwa mai yawa. Ni ba sa'an kamfanin nan ba ne, an kira ni inda aka san darajata." Ya juya shafi. "Kowa ya san in ka kulle ofis ka ce kana taro, barci kake yi, muna jin munsharinka daga sito. Baƙin da kake shafa wa gemu yana zuba a wuyan riga, ba wanda ya faɗa maka ne saboda tsoro, ni kuwa ba na tsoron kowa."

Hannun Manaja ya tafi wuyan rigarsa da kansa. Wani lebura ya juya ya rungumi bango, kafaɗunsa na rawa.

"Kuma auren ƙanwarka da na yi, taimakonku na yi, don..."

"Ya isa," in ji Manaja.

"Sauran shafi guda, Yallaɓai."

"Na ce ya isa. Wani ya kashe min wannan kiɗan."

Aka kashe.

Sakatariya ta ajiye kofi, ta karɓi ambulan daga hannun Direba, ta juya bayansa ta nuna wa Saɗaf. Da jan biro an rubuta: A mayar wa mai ita, kada Manaja ya gani.

"Tun ƙarfe tara na karanta na cire ta," ta ce. "Na ce bari in rufa wa bawan Allah asiri saboda 'ya'yansa. Jira nake a tashi in ba ka a hannu. Wa ya ce ka fasa min fure?"

Saɗaf ya dubi rubutun, ya dubi ƙasa.

Manaja ya ɗauki hularsa ya kaɗe. "Ka rubuta ka bar aiki. Ka kuma shiga ta taga ka sato takardar. Wanne zan ɗauka a ciki?"

"Na biyun, Yaya."

"Ba yayanka a nan."

"Na biyun, Yallaɓai."

"Ka je gida wata guda. In ka dawo, makullin sito ya bar hannunka, za ka bi waɗannan kana ɗaukar katifa a ka. Ba don kai ba, don wadda ka taimaka ka aura. Ita ma yanzu zan kira ta in yi mata godiya a madadin dangi."

"Yallaɓai, a kore ni kawai, kada a kira ta."

Manaja ya riga ya ciro waya.

Hajiya ta gyara mayafi ta nufi ƙofa, tana share hawayen dariya. "Zan ɗauki ashirin ɗin," ta ce. "Amma a ɗaga min kowace a duba kafin a sa a mota."

Da yamma Saɗaf ya isa gida yana ɗingishi, ya ɗaura rigar ruwa a ƙugu ta rufe yagar wando. Ya yi sallama. Matarsa na tsakar gida ta shimfiɗa tabarma, tana zuba wa 'ya'yansu mata biyu abinci. Ta amsa sallamar tana kallon bango. Faranti uku ne a tabarmar.

Ya zauna a gefe. Ya yi gyaran murya.

"Uwar gida, sannu da aiki."

Ta dubi babbar 'yar. "Kin ji wani motsi?"

"A'a, Mama."

"Ke fa?"

Ƙaramar ta dubi ubanta, ta dubi uwarta, ta dubi naman da ke cikin farantinta. "Ban ji ba, Mama."

"Ni ne fa," in ji Saɗaf. "Ga ni nan zaune."

"Ƙyauren nan yana son mai," in ji matar. "Ku ci ku cinye, kada ku rage. Babanku ba ya nan, ya tafi inda aka san darajarsa."

Suka ci, suka cinye, aka kankare tukunya a gabansa, aka wanke, aka kife. Da ƙaramar za ta wuce sai ta zagaye ƙafarsa a hankali, kamar mai zagaye turmi.

Saɗaf ya daɗe zaune, cikinsa na ƙugi. Can ya ciro waya, ya fita ƙofar gida, ya kira Direba.

"In madubina ne, gobe ka zo da sabo," in ji Direba.

"Bar maganar madubi. Kai da kake cewa ban iya ba. Yanzu haka awata biyu a cikin gidana, mutum uku a tsakar gida, ido biyu, da hasken rana."

"To?"

"Wallahi ko ɗaya ba ta gan ni ba."